Loma Biyu a Zaure

Likitan da ya rubuta mini allurar rage ƙiba bai ɓoye mini komai ba. Ya ce zuciyata za ta riƙa tashi, musamman kwana biyun da ke bin kowace allura, cikina zai bushe, kuma loma kaɗan za ta ishe ni. Na ce na ji. Gwiwoyina sun gaji da ɗaukata, ciwon suga ya fara leƙowa, to me zan jira? Sau ɗaya a mako nake soka ta a cikina, in tura kwalin can ƙuryar firji. Abu ɗaya ne likita bai faɗa mini ba, don shi ba ɗan unguwarmu ba ne. Bai faɗa mini yadda zan yi da zaure ba.

A lungunmu na Kabara, da an idar da magariba kowane magidanci sai ya fito da kwanonsa, mu haɗu a zauren wani dattijo mu ci tare. Ba a tashi sai hannu ya zagaya kwanon kowa.

Maƙwabcina, wanda katanga ɗaya ta raba mu, baduku ne a Jakara. Tun muna yara yake ce mini buhu, ni kuma in ce masa tsinke. Da kasuwar fata ta ja baya, kwanonsa ya koma tuwon masara da miyar kuka, ko ƙashi babu. Ni nake cinye masa shi kullum, ina santi, yana cewa in bar wa marayu.

Mako na biyu da fara allura, yana buɗe kwanon nan warin daddawa ya doke ni. Da ƙyar na kai bakin kwata. Daga ranar sai in miƙa hannu ga farar shinkafar wani Alhaji da ke cikinmu, in yi loma biyu, in wanke hannu. Me ya hana ni faɗa? Kunya, wallahi, kunyar banza! Ƙato da gemu a ce yana allurar rama? Na san har in mutu ba za su bar ni in sha ruwa ba.

Wata rana maƙwabcin nawa ya ce, "Buhu, yau ma ba ka taɓa nawa ba."

Na ce, "Na ƙoshi ne."

Ya ce, "Ashe shinkafar Alhaji ba ta san ka ƙoshi ba."

Kowa ya yi dariya, ban da shi.

Ran wata Juma'a ya fito da kwano, ya turo shi gabana, ya buɗe da kansa. Miyar kaza ce, mai yana yawo a sama. Ni kuwa jiya-jiya na yi allura. Na dubi man nan, na ce, "Wallahi ba zan iya ba." Ya mayar da murfin a hankali. Bai sake fitowa zaure ba. Na ce bari in ƙara ramewa tukuna, in je in nuna masa cikina mu yi dariya. Kafin in je ya yanke jiki ya faɗi a rumfarsa, kwana uku Allah ya karɓi abinsa.

Bayan an share makoki na shiga yi wa matarsa gaisuwa. Tana bayan labule ta ce, "Don Allah me miyata ta yi maka? Ya ce wai yanzu ka fi ƙarfin abincin gidanmu. Kazar nan ita kaɗai ta rage mana, saboda kai ya yanka ta."

Nan na faɗa mata komai, allurar, aman, kwalin da ke firji. Na faɗa ina kuka, ni da na kasa faɗa don gudun dariya.

Can ta ce, "Ayya. Da shi ka faɗa wa, ai dariya kawai zai yi maka."