Tarkon Sharon a Gaban Surukina

Shekarar da tsutsar da muke kira sharon ta shigo fadamarmu ta Gude, komai ya yi tsada, har maganin feshi. Ko ka fesa ma a banza. Tsutsar cikin ganye take shigewa ta kwanta, kwana biyu ka tarar da tumatir kamar an bi shi da wuta. Ni kuwa duk abin da na mallaka yana cikin gonar nan. In ta tafi, gidana ba tuwo.

Wani malamin gona a Gwarzo ya ba ni 'yan robobi takwas, kowace ba ta kai kan yatsa ba. Ya ce uwar tsutsar wata 'yar ƙwaro ce mai fiffike, kuma robar tana fitar da irin ƙamshin da macen ke kiran namiji da shi. In rataya kowace a saman bahon ruwa mai ɗan omo. Mazan za su zo su faɗa ciki, matan su rasa barbara.

Na rataya su yadda ya ce. Washegari na tarar ruwan ya yi baƙi ƙirin da ƙwari. Maƙwabcina na gona ma ya gani. Kai, mutumin nan! Kafin azahar ya zagaye gari yana cewa ni nake kira wa fadama bala'i da asiri. Shari'ar Musulunci kuwa ta kankama a jiharmu, zancen tsibbu ba abin wasa ba ne. Ya kai ƙarata gun mai unguwa.

Mai unguwa surukina ne, uban matata. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa haɗa ido da shi ba. In na hango shi a hanya, takalmi nake tuɓewa in durƙusa.

Na tsuguna a bakin zaure, aka gaisa, aka sake gaisawa. Liman na gefensa. Surukina ya ce, yana kallon tabarma, "A ce wa mai gonar ya faɗi abin da ke cikin robar. In bai faɗa ba, yau a kwashe bahunan."

Ni da bakina ba ya mutuwa a kasuwa, sai ga shi ya mutu murus. Don Allah ta yaya zan yi wa mutumin da ya ba ni 'yarsa zancen mace na kiran namiji?

"To, kun gani!" in ji maƙwabcin. "Ya kasa!"

Raina ya ɓaci har kunnuwana suka ɗau zafi. Na san in aka ɗauke bahunan, mako guda ya ishi sharon ta gama da ni. Na ƙara sunkuyar da kai na ce, "Baba, a gafarce ni. Ƙamshin macen ne. Mazan ne ke bin sa su halaka."

Liman ya toshe baki da hannun riga, kafaɗunsa na rawa. Da ƙyar ya ce, "Wannan kam ba asiri ba ne, halitta ce. Mun sha gani ko a cikin mutane."

Kowa ya fashe da dariya, ban da surukina. Ya ce a bar bahunan, ya tashi ya shige gida. Na fita rigata jagab da gumi, ina ji kamar na yi tsirara a kasuwa.

Ba zan yi ƙarya ba, tsutsar ta ci min gefen gabas. Amma sauran ya tsaya shar, ina tsince ganyen da ya kamu, ina sauya ruwa duk safiya. Ni ne na fara loda kwanduna a motar Kano daga fadamar nan, kuma har gobe ina alfahari da haka. Sai dai wata guda ban iya bi ta ƙofar surukina ba. Na ɗauka na zubar da mutuncina a wurinsa ke nan.

Ran nan matata ta dawo daga gidansu, tana ajiye mayafi ta ce, "Baba ya ce in gaya maka, ranar nan shi bai ji komai ba." Ta ƙara da cewa, "Ya kuma ce badi ka rataya masa robobin nan guda huɗu a tasa gonar."

Na juya na fita tsakar gida, don kada ta ga idona ya kawo ruwa.