Ina ɗinka masa hula, yaƙi na cin garin da yake

Na daɗe ina jinkirin rubuto muku. In na ɗauki biro sai tsoro ya kama ni, kada a ce wace irin yaya ce wannan, in ajiye. Yau dai na daure.

Ni mai ɗinkin hula ce a unguwar Mafoni, karatuna bai wuce firamare ba. Tun shekarun da garinmu ya sha tashin hankali na zama mai fargaba, ko tayar keke ce ta fashe sai in zabura. Likita ya ce in rage jin abin da ke tayar min da hankali, sai na kyautar da rediyona. Daga baya na shiga makarantar manya ta mata a unguwar Lamisula, don ƙanena da na riƙe tun rasuwar iyayenmu yana karatu a Sudan, ina so ya dawo ya tarar ni ma na motsa. Safe ɗinki, yamma aji, in na dawo bitar darasi. Wayata kullum a kashe cikin jaka, malama ba ta son ƙara, ƙanen nawa kuma sai ƙarshen wata yake kira.

Ana gab da jarrabawa gaisuwar mutane ta canza. Maƙwabciyata takan tambaye ni ya labarin yaro, in ce lafiya lau, ta dube ni ta ce to alhamdulillahi. Mai shagon zare ya ce Allah ya kare na nesa, na ce amin, na ci gaba da zaɓen launi, don hular bikin gama karatunsa nake ɗinkawa. Ashe yaƙi ya ɓarke a birnin da yake. Wasu sun zaci na sani, dauriya nake. Waɗanda suka san halina kuma kowa na jiran wani ya faɗa min.

A aji na ji. Wata ɗaliba ta nemi izinin tafiya da wuri, wai ɗanta na cikin ɗaliban da aka kwaso daga ƙasar waje saboda yaƙi. Na tambaye ta daga ina. Ta ce daga Sudan. Na kunna waya, na ga saƙon cewa baƙin lambobi sun yi ta nemana. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, ba wadda ta shiga.

Na je na ga ɗan nata. Ya ce ya san ƙanena, ya gan shi a wurin jiran motocin kwashe ɗalibai yana aron wayar mutane, wai zai tambayi yayarsa ko ya jira mota ko ya bi wasu abokansa ta wata hanya. Da motarsu ta tashi bai gan shi a ciki ba.

Na toshe kunnena don in samu barci, yanzu barcin ma babu. Wanda ke da nasa a nesa, komai yawan aiki ko karatu, kada ya yanke jin labarai. In kun ga mutum yana amsa lafiya lau, kada ku ɗauka ya sani, ku zaunar da shi ku faɗa masa.

Ina roƙon duk wanda ya dawo daga can: ƙanena dogo ne siriri, yana da in'ina, da tabon ƙuna a hannun hagu. Ko a wane hali kuka gan shi, ku sanar da mujallar nan. Kada ku ji tsoron zuciyata, ku faɗa min. Hular na gama ta.