Ruwan Akwatin Samsuri

Samsuri maƙwabcina ne shekara arba'in da 'yan kai. Gidajenmu na katako suna tsaye kan dirkoki a bakin kogin Batanghari, 'yar gada ce tsakaninmu, taku goma. Ni itacen roba nake tsagawa, shi kuwa ruwa ne ya riƙe shi tun yana yaro.

Sana'arsa kamun bajubang, ɗan kifin nan mai launin lemo da zane uku baƙaƙe da ɗan gemu a baki. In ruwa ya cika sai ya yanka gora gaɓa-gaɓa, ya huda, ya rataya a rassan da suka nutse. Ƙananan su shige ciki su ɓuya, da safe ya zagaya da kwalekwale ya juye. Ba ya taɓa su da koma, don suna da ƙaya a ƙarƙashin ido, takan sarƙe. Tun kifi bai fi farce ba yake gane shi. Ya dubi daro ya ce, wannan na gaske ne, wancan ɗan uwansa ne mai zane da yawa, mafaɗaci, a ware shi. Dillalin da ke saye ya kai birni ma in ya rikice shi yake tambaya.

Dillali ba ya karɓar wanda zanensa ya karye ko ya haɗe. Irin waɗannan ana mayar da su kogi ne. Shekarar da matarsa Rohana ta rasu, 'yarsu Lela kuma ta riga ta tafi aiki birnin Batam, sai Samsuri ya fara riƙe su. Ya samo tsohon akwatin gilashi, ya zuba yashin kogi, ya jera guntayen gora, ya sa ɗan injin iska. Ruwan sama yake tarawa a randa, ya jiƙa busasshen ganyen itacen ketapang a ciki har ya koma kamar shayin da ba madara. Ya ce a irin wannan ruwan aka haife su.

Su bakwai ne, kowa da sunansa. Akwai Alhaji, mai ɗigo a ka kamar hula. Akwai Bazawara, da Ɗan Sanda mai korar kowa daga bakin gora.

"Kai dai ka tara korarru," nakan ce masa in muna shan kofi.

"Da kai cikon na takwas."

"Ko miya ba za su yi ba."

"Kai ma haka. Miƙo rogon nan."

In ya jefa musu dodon koɗi sai ka ji suna ƙas-ƙas kamar ana fasa gyaɗa. Wani lokaci ɗaya ya kwanta kan gefe kamar ya mutu, baƙo ya yi salati, Samsuri ya yi ta dariya. Shekara goma sha shida suna nan, har suka kai tsawon tafin hannu. A lokacin masu haƙar zinariya sun dama kogin, gora ta daina kawo komai. Bajubang ɗin da suka rage a unguwarmu su ne na akwatin nan.

Sai ɓarin jikin Samsuri na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Abin da ya rage masa hannun hagu da ido. Muka juya masa shimfiɗa ta fuskanci akwatin, ni nake ba su abinci, duk Juma'a in rage ruwan kaɗan in ƙara daga randa, yadda na ga yana yi.

Lela ta bar aikinta ta dawo jinya. Shekara ashirin tana share ɗakunan otal, ba ta iya ganin datti ta zauna. Ranar da ta iso na yi niyyar yi mata bayanin kifin, na gan ta tana kuka, na ce sai gobe. Goben na fita tsagar roba da sassafe.

Na dawo da hantsi na tarar da akwatin yana ƙyalli. Ta kwashe kifin a bokiti, ta zubar da ruwan da ganyen da yashin, ta wanke gilashi da sabulu, ta cika shi da ruwan famfo mai warin magani. Har randar ta wanke ta kife.

"Wak, dubi!" ta ce da ni, hannunta duk ya yi jawur. Wak take ce mini, wato kawu, ubanta kuma Bak. "Yanzu Bak zai gan su sosai. Ina aikin yana ta buga tabarma don murna."

Na dubi Samsuri. Hannunsa na hagu ya kumbura. Awa uku yana kwance yana kallo. Na buɗe baki ke nan ya kafe ni da ido, ya girgiza kai a hankali. Na ce, "Sannu da aiki, 'yata."

Na ɗebo ruwa daga tawa randar na sauya abin da zan iya, amma kifin nan ba su da ɓawon kirki, komai yana shiga jikinsu. Kafin la'asar Ɗan Sanda ya kwanta kan gefe. Na jira ya tashi kamar kullum, bai tashi ba. Washegari biyu suka mutu. Cikin kwana huɗu saura Alhaji kaɗai.

"Wak, me ke kashe su?" Lela ta tambaye ni a bakin gada.

"Tsufa," na ce. "Tare aka kama su."

Wannan kifin ba ya zama shi ɗaya. Alhaji ya shige gora ya daina cin abinci, baƙin zanensa ya koma toka-toka. Kullum in na shigo Samsuri ya nuna shi, ya nuna taga wajen kogi. Na ce masa kogin laka ne yanzu, ya nuna sama da haɓa. Sai na gane rafin da yake nufi, can sama da gonakin roba, inda babu masu haƙa.

Lela ta ce za ta riƙe bokitin. Muka yi tafiyar awa biyu a kwalekwale. Da muka karya kwana muka shiga ƙarƙashin itatuwa, ruwan ya sauya. Ja ne mai duhu, ganye kwance a ƙasa, kana hango yashi. Ta sa hannu ta ɗebo, ta duba, ta sake ɗebowa. Ta daɗe a haka.

"Wak, wannan ne ruwansu?"

"Shi ne."

"Irin wanda na zubar."

Na gyaɗa kai.

"Ranar nan ba murna Bak yake yi ba ke nan," ta ce.

"A'a."

"Me ya hana ka gaya mini?"

"Shi ya hana ni."

Ta karkata bokitin a hankali har ruwan biyu suka gauraya. Alhaji ya tsaya a bakin bokiti kamar ba zai fita ba, can ya sulale ya shige ƙarƙashin wani ruɓaɓɓen reshe. Mun jira ko za mu ga wasu irinsa, ba mu ga ko ɗaya ba. Ban san ko ya kwana da rai ba.

A hanyar dawowa ta roƙe ni kada in gaya wa uban ta sani. Na yi mata alkawari. Da muka shiga ta durƙusa gabansa ta ce, "Bak, mun kai shi, ya samu 'yan uwa da yawa." Ya ɗora hannun hagu a kanta.

Wata takwas ya ƙara. Ita ke juya shi, ita ke ba shi kunun shinkafa da cokali, kowannensu yana ɓoye wa ɗayan abu guda, ni ina zaune a tsakani da kofina. Ya rasu wata Talata bayan azahar. Lela ba ta koma Batam ba, tana sayar da soyayyar ayaba a gaban makarantar firamare.