Harafi Biyar a Durowar Mai Rediyo

Yayana mai gyaran rediyo ne, shekara talatin da ɗoriya a shago ɗaya, ƙarƙashin benen wani tela. Turanci kuwa ko na gaisuwa bai iya ba. Shi ya sa ranar da na tarar da shi yana yanka kwalin fanka da reza, yana ƙirga haruffan jiki da bakin sukundireba, sai gabana ya faɗi.

"Yaya, lafiya?"

"Biyar ce," ya ce, ya jefa guntun kwalin a durowar da a da yake ajiye noti.

Abin ya samo asali ne daga Auta, 'yarsa ta ƙarshe. Ta sami aiki a wani gari mai nisa, ya ce ba za ta je ba, ta tafi. Ko rakiya bai yi mata ba. Ni kaɗai na gan shi da safen nan yana cusa wani ƙaramin rediyo mai agogo a ƙasan jakarta, ya kuma harare ni don in ja bakina. Ita ba ta taɓa zancen rediyon ba, shi ma bai tambaya ba. Shekara biyu gaisuwarsu ta bakin mahaifiyarta take bi. Taurin kan nan iri ɗaya ne, kuma ni ya ishe ni.

Wata rana saƙonta ya shigo wayarsa bisa kuskure, ƙawarta ta so aika wa: "Harafi biyar, T a farko, R a ƙarshe. Na rasa yadda zan yi." Mu uku, ni da shi da mahaifiyarta, muka dafa wayar, ba wanda ya gane komai. Mahaifiyarta ta ce sunan ciwo ne, ta soma kuka. Ni na ce magani ne. Sai da tela ya sauko ya ce wasa ne na waya, kullum ana ɓoye kalmar Turanci ɗaya a nemo.

Yaya ya koma kujerarsa. Can idonsa ya sauka kan wani tsohon rediyo da ke gabansa, ya bi rubutun da sukundireba, ya ɗauki hoto ya aika: TUNER. Ko minti biyu ba a yi ba wayar ta yi ƙara.

"Baba, ina ka samo wannan?"

"A shago mana," ya ce.

Daga ranar ya ɗauka aiki ne aka ba shi. Kowace safiya Auta ta turo haruffa, ya nemo kalma, ta kira. A tunaninsa kalmar ce ke sayo kiran. Ya kwashe noti ya zuba a gwangwani, durowa ta koma ta kalmomi, kowace da harafinta na farko. Kwalin dutsen guga, bayan batir, takardar magani, babu wanda ya tsira. Har wani mai kawo gyara ya tsayar a bakin ƙofa don ya kwafi rubutun rigarsa, mutumin ya tafi yana waiwaye.

Na taɓa tambayarsa me wata kalma take nufi.

"Ni an tambaye ni ma'ana ne? Biyar aka ce."

Wata bakwai ana haka, sai ranar da ta turo: A a farko, M a ƙarshe. Ya zazzage durowa, babu. Ya juya duk rediyon da ke shagon, babu. Tela ya tafi kasuwa, ni kuma Turancina bai fi nasa ba. Har azahar bai ci komai ba, yana zaune cikin guntayen kwali, ya rasa inda zai sa kansa. Ban taɓa jin tausayinsa irin na ranar ba.

"Yau ba za ta kira ba," ya ce.

Bai rufe baki ba wayar ta yi ƙara. Ya miƙo min, na ture masa, na danna yadda duka za mu ji.

"Auta, ban samu ba. Na duba ko'ina."

"Ba za ka samu ba, Baba, ai tana wurina. Na daina wasan nan tun wata biyar da suka wuce. Ni nake tuno rubutun kayan shagonka ina turo maka. Yau suka ƙare min, sai na kwafo ALARM daga jikin rediyon da ka sa min a jaka."

Yaya ya dube ni, na ɗauke kai. Ya ɗauki sukundireba, ya ajiye, ya sake ɗauka.

"Yana aiki?"

"Kullum shi ke tashina. Sai dai muryarsa ta soma dushewa."

"Kada ki kai wa kowa, za su lalata shi," ya ce. "Ki kawo shi da kanki in duba."