Wa zai karanta sanarwar Baba Illa?

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ina bisa kabu-kabu za ni aiki da safen nan kira ya shigo. Baba Illa ya rasu a gidansa na Tsibiri. Na ce wa mai babur ya tsaya, na sauka na zauna a dakalin wani shago a Sabon Gari.

In ka taɓa kunna rediyo a Maraɗi da ƙarfe huɗu na yamma, ka san muryarsa. Shi ke karanta sanarwar rasuwa a gidan rediyonmu, tun zamanin da dimokuraɗiyya ta shigo aka fara barin rediyoyi masu zaman kansu. Ni kuma shi ya koya mini aikin.

Ranar da na fara zama gaban mikoro, zuba sunaye na yi ta yi kamar ana kora ta. Da na fito ya ce, "Ɗiyata, ki riƙa jan numfashi tsakanin suna da suna. Akwai wadda ke can ta riƙe rediyo, sunan nan guda take jira."

Tun daga ranar ya sa mini Madam Gaggawa. Har na haihu uku bai daina ba.

Lokacin da innata ke kwance gidan likita, wata guda cur yana haɗa aikinsa da nawa. Da na zo godiya sai ya ce in dai godiyar ba ta zo da goro ba in koma da abata.

Sai yaƙi ya yi zafi, aka yi ta kwasar yaranmu zuwa bakin daga. Umarni ya sauko daga wajen ministan tsaro: kada rediyo ya faɗi mutuwar soja sai ofishinsa ya tabbatar. Ofishin kuwa ba ya tabbatarwa. Minista ya fito a tele ya ce komai lafiya, alhali yaran na kiran gida suna cewa motarsu ba mai, ba a canja su ba wata da watanni.

Wata tsohuwa ta zo mana daga Jiratawa da surukarta, da takarda a ƙulle a bakin zane. Ɗanta soja ne, abokinsa ya kira ya ce da hannunsa ya sa shi a kushewa. Sun je bariki sau uku, ana ce musu babu labari. Dangi sun ji tsoron zaman makoki tunda hukuma ba ta ce ya mutu ba. Matar ba ta san ko ta shiga takaba ko ta ci gaba da jira ba.

Tsohuwar ta ce, "Malam, ni ban zo ƙarar kowa ba. A faɗi dai ya mutu, mutane su zo su yi mini gaisuwa."

Baba Illa ya karanta. A tsanake, yadda ya saba. Ya faɗi sunan yaron, sunan ubansa, unguwarsu. Sannan ya ƙara magana guda wadda ba ta cikin takarda: "Ranka ya daɗe minista, ka kai su ba ka dawo da su ba. To ka bar mu mu yi musu addu'a."

Washegari jandarmomi suka shigo har cikin situdiyo. Wai ya karya gwiwar sojoji. Tsoho mai ciwon suga aka kai kaso, gidan yari, maganinsa wata rana a karɓa wata rana a maido. Ba a taɓa kai shi gaban alƙali ba. Da ƙafarsa ta ruɓe aka buɗe ƙofa aka ce ya tafi gida.

Yanzu bari in faɗi nawa laifin, don ya daɗe yana cina.

Bayan an tafi da shi takardun mutuwar sojoji ba su daina zuwa ba. Ni ke karɓa. In sa a durowa, in kulle, ƙarfe huɗu in karanta na waɗanda suka mutu a gadajensu in sa kiɗa. Ko sau ɗaya ban je kaso duba shi ba. Na ce ina da yara. Gaskiya ne ina da yara, amma tsoro ne, kuma ina jin kunyarsa har yau.

Makon jiya na yi ta maza na je Tsibiri. Na same shi kwance a rumfa, ya rame, idonsa ba ya gani sosai. Da jin sallamata ya ce, "Madam Gaggawa, yau kuma ke ce da latti?"

Na fara ba shi haƙuri ya katse ni. "Takardun nan, kina aje da su?"

Na ce suna nan, Baba.

Ya ce, "To kar ki yar. Mutane ne."

Iyakar abin da ya ce ke nan a kan maganar. Ya sa aka dama mini fura.

Ni ba soja ba ce, ban san yadda ake tsara yaƙi ba. Amma na san shugaban da ya tura ɗiyan talakawa daji ya kasa kai musu mai, sannan ya sami mota da jandarmomin kamo tsoho mai karanta sanarwa, wannan ya kasa. Ba Baba Illa ya karya gwiwar soja ba. Sojan da ya san in ya faɗi ko sunansa ba za a ambata ba, da wace zuciya zai tsaya? Duk wanda ya yi tambaya a ce maƙiyin ƙasa ne. Uwar da ta ba da ɗanta ma maƙiyiya ce?

Ɗazu babban ɗan Baba Illa ya kawo takardar sanarwa. Direktanmu ya juya ta, ya juya, ya ce, "Ki yi haƙuri, a bari ƙura ta lafa. Rufe mu za su yi." Ba mugun mutum ba ne, shi ma tsoron ne.

Mutumin da ya shekara da shekaru yana faɗin mutuwar kowa a garin nan, tasa ce ba za a faɗa ba.

Ni ke da aikin ƙarfe huɗu yau. Na kai yara gidan yayata. Zan fara da sunansa, sannan in buɗe durowa, kuma zan ja numfashi tsakanin suna da suna. In kun kunna kuka ji kiɗa kawai, kun san abin da ya faru.

Allah ya jiƙan Baba Illa, ya yafe masa, ya haskaka kabarinsa, ya sa wahalar da ya sha ta zama kaffara. Allah ya jiƙan yaranmu da ke kwance a daji ba a faɗi sunansu ba. Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya sa su a addu'a. In da saura, ku sa da ni.