Giɓin da ke Takardar Kawu

Shekarun baya, tun Birnin Kebbi tana cikin jihar Sakkwato, na yi aiki a wani ofishin noman fadama. Aikina fassara ne da buga tafireta, amma in ka ji ni ina zuba a majalisarmu ta unguwar Nassarawa sai ka rantse ni ke riƙe da ofishin.

Wata shekara aka kawo ƙananan injinan ban ruwa, da littafinsu na Turanci. Shugabana ya ce in mayar da shi Hausa kashi biyu, ɗaya na manoma, ɗaya na makanikai. Ni kuwa ba na son aiki biyu, don duk gyaran da aka yi a nan sai an koma an yi shi a can. Sai na buga uwar takarda guda ɗaya. Bayanin da ya shafi manomi kaɗai na zana masa fartanya a gefe, na makanike na zana sifana, wanda ba shi da alama kuma na kowa ne. In za a fitar da kwafin manoma, sai in rufe wuraren sifana da farar takarda da salatif, in ɗora a injin fotokwafi. In na makanikai ne, in rufe fartanya. Na yi ta yabon kaina har abokan aiki suka fara kauce mini.

Kwafin manoma ya fito tsaf, sai dai duk inda na rufe ya bar farin fili a tsakiyar shafi. Ban ga wani aibu a ciki ba. Aka raba.

Cikin waɗanda suka sami injin har da kawuna, ƙanen mahaifiyata, manomin albasa a Augie. Wata ranar Juma'a na dawo gida na iske mahaifiyata ba walwala.

"Kawunka ya aiko," ta ce. "Injin na nan ɗaki bai tada shi ba, albasa kau ta hwara kwantawa. Ya ce kai kas san dalili."

Hankalina ya tashi, don albasar nan ita ce abincin gidansa na shekara, kuma ya riga ya sallami masu yi masa ban ruwa da jigo. Washegari na ɗauko uwar takardar, na hau babur, na bi ta Argungu na wuce Augie.

Na same shi a bakin gona. Ganyen albasa ya yi laushi, ƙasa ta fara tsagewa, ga ruwa nan kusa yana kallo. Bayan gaisuwa ya zaro takardar daga aljihu, ya ɗora yatsa a kan farin filin. Kawu ya yi yaƙi da jahilci, yana karanta boko sannu a hankali, kuma ba ya tsallake ko ɗigo.

"Ɗana, mi kac cire nan?"

"Kawu, bayanin makanikai ne, bai shafe ku ba."

"Haka suka cewa dut," ya ce. "Ni na san malami in ya ba ka laƙani, rage baki guda shikai, sai ka koma ka yi biyayya kahin shi cika ma. In kay yi aiki da shi hakanan, kanka shika komawa. Ko gwamnati ta ce a rage ma kowa, kai ka rage ma kawunka?"

Dariya ta taso mini, amma da na dubi fuskarsa sai ta koma. Ba tsoron injin ne kaɗai ke damunsa ba. Ransa ne ya sosu, yana ganin yaron da ya goya a kafaɗa ya ɓoye masa abu. Ni ma sai na ji ba daɗi.

Muka zauna a inuwar mangwaro. Na buɗe uwar takardar, na ce ya ɓare salatif ɗin da hannunsa. Ya ɓare a hankali da bismilla. Na shiga karanta masa yadda ake kwance kafireta, da tazarar bakin fulogi, da yadda ake canza ringi. Ya saurara da kyau, yana gyaɗa kai. Ina cikin shafi na gaba na ga ya fara hamma.

"Shi ke nan abin?"

"Akwai saura, Kawu."

"A'a, ruhe abinka. Wanga karatun makanikai na. Tashi mu ɗauko injin."

Muka ɗura wa famfon ruwa kamar yadda takardarsa ta ce, muka jefa mesa, ya ja igiya da kansa. Da ruwa ya kama bin kwami-kwami, sai ya tattare wando ya shiga yana buɗe masa hanya da fartanya, ya manta ma ina wurin. Albasar ta farfaɗo, kuma a shekarar har gida ya aiko mana da buhu.

Da na koma ofis ban watsar da dabarata ba. Na yanka uwar takardar sakin layi-sakin layi, in za a fitar da kwafi sai in jera na masu shi a matse, ba giɓi. Yanzu 'yata ta nuna mini kwamfuta na yin wannan da kanta, ka sa wa bayani alama, ta fitar wa kowa nasa. Na ce mata ta dai tabbata ba ta barin fili, don mutum ba ya ƙin a ba shi rabonsa, ganin gurbin abin da aka ɗauke ne ke hana shi sakewa. Har yau in na tuna ina jin daɗin zaman nan na gindin mangwaro.

A wancan lokacin, da sabon kwafin marar giɓi ya fito na kai wa Kawu nasa, ina jiran yabo. Ya juya shi gaba da baya, ya miƙo mini, ya dafa aljihunsa inda tsohuwar take.

"Bar min wagga, ɗana. Ita dai na san abin da babu cikinta."