Inda Sawu Ya Ɓace wa Malam Bashiru

A zamanin da ake barin garma ta kwana a gona, mai bin sawu ɗaya ne a 'Yandoto, Malam Bashiru. Gajere ne, ya ɗan ranƙwafa don yawan duban ƙasa. In shanu suka yi ɓarna, shi ake kira. Yakan tsuguna ya dubi shatin kofato, ya ce saniya ce mai ciki, tana ɗingisa ƙafar hagu, kuma haka za a tarar. Shekara talatin da ɗaya dagaci bai taɓa mayar da maganarsa ba. Gonarsa 'yar ƙarama ce; sunan nan shi ne dukiyarsa.

Da kakar 1998 shanu suka cinye dawar wata tsohuwa, Inno. Dagaci ya rantse duk makiyayin da Bashiru ya ambata, sai ya tashi daga dajin. Bashiru ya bi sawu mil biyu da rabi, har kan wani falalen dutse. Nan sawun ya ɓace. Bayan dutsen ruga uku ne, ɗaya ta Mamman, wanda ya taɓa kunyata shi a kasuwar Tsafe da cewa ai kare ma yana bin sawu.

Zuciyarsa ta ce Mamman ne, ta kuma faɗa da ƙarfi. Ƙarfin nan ne ya tsorata shi. Ya zauna kan dutsen har la'asar yana tuna maganar mahaifinsa, cewa ruwan da aka dama ba ya nuna fuska.

"Mi ka gani?" in ji dagaci, da Bashiru ya koma gari.

"Ranka shi daɗe, sawu ya tsaya ga dutse. Ban sani ba."

Inno ta tafa hannu. "Kai, Malam! Ido ne ya mutu ko fura aka dama maka da nono?"

Aka yi dariya. Daga ranar aka koma kiran wani mai bin sawu daga garin Rawayya.

Bayan sati uku sai ga Mamman da jaki biyu ɗauke da dawa. Ya ce shanunsa ne suka kwance yana kwance da zazzaɓi. Ya ji mutumin da ya zaga a kasuwa ya ƙi ambatar sunan kowa, sai kunya ta hana shi sakat. Inno ta karɓa, dagaci ya bar shi ya zauna.

Da dagaci ya ji abin da Bashiru ya zata tun farko, ya ce, "Ashe da ka faɗa, da ka yi daidai!"

"Da na dace dai, ranka shi daɗe. Makaho ma kan yi jifa ya samu tsuntsu. Haushi ne ya gaya mini, ba ƙasa ba."

Ba a sake kiransa kamar da ba. Amma har ya rasu, in ya ce ya gani, ba mai tashi ya je dubawa.